Rafli ne ya kayar da mu? Abin da bincike ya nuna, da inda FIFA ta gaza

Idan kana leƙa gidan kallon ƙwallo, ka san maganganu biyu da ake yi duk ranar da aka fitar da wata ƙasa daga neman gurbin gasar cin kofin duniya. Waɗanda aka ci za su ce, "Wallahi rafli ne ya sayar da mu." Waɗanda suka yi nasara kuma, ko masu son a ce sun waye, sai su ce, "Kai dai bari, kuskuren alƙali yau a kanka, gobe a kan wani. A ƙarshe kowa zai samu rabonsa." Kowace magana tana da ƙamshin gaskiya a cikinta, amma idan aka ɗora su a kan sikeli, babu wadda ke cika mudu.

Masana sun shafe fiye da shekara 20 suna auna wannan batu, a ƙwallon ƙafa da sauran wasanni. Abin da suka samu a taƙaice shi ne: karkatar alƙali gaskiya ce, ana iya auna ta, kuma yawanci ƙarama ce. Sai dai ƙwallon ƙafa wasa ne da ke mayar da ƙaramin kuskure babba, wasannin neman gurbi kuma su ƙara kumbura shi. Don haka babban laifin yana wuyan waɗanda suka tsara gasar, suka bar idon mutum ɗaya ya yanke makomar shekara huɗu.

Wasa uku, hukunci uku

Bari mu fara da abin da ya faru a fili. Ranar 18 ga Nuwamba, 2009, Faransa ta karɓi baƙuncin Ireland a Paris. A ƙarin lokaci Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu har sau biyu, ya miƙa wa William Gallas ya jefa a raga. Duniya ta gani a talabijin, alƙalin wasa Martin Hansson bai gani ba. Ireland ta nemi a sake wasan, FIFA ta ce a'a, domin doka ta 5 cikin dokokin ƙwallo ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a fili shi ne na ƙarshe. Sai a 2015 ya fito fili cewa FIFA ta ba hukumar ƙwallon Ireland Yuro miliyan 5 don kada maganar ta kai kotu.

Shekara huɗu kafin nan, a Satumban 2005, Uzbekistan ta samu fenariti a wasanta da Bahrain a Tashkent, ta buga ta ci. Alƙali Toshimitsu Yoshida na Japan ya ga wani ɗan Uzbekistan ya shiga da'ira kafin a buga. Doka ta ce a sake bugun, shi kuwa sai ya soke ƙwallon ya ba Bahrain bugun tazara. Duk da haka Uzbekistan ta ci wasan 1-0, amma ta kai ƙara tana neman a ba ta 3-0. FIFA ta ce a sake wasan gaba ɗaya, saboda wannan karon doka ce aka yi wa mummunar fassara. Aka sake, aka tashi 1-1, a Manama kuma 0-0, Bahrain ta wuce da dokar ƙwallon waje. Garin neman gira, an rasa ido.

Na uku a nan Afirka ne. Ranar 12 ga Nuwamba, 2016, a Polokwane, alƙali Joseph Lamptey na Ghana ya ba Afirka ta Kudu fenariti, wai Kalidou Koulibaly na Senegal ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali a gwiwa ta buge shi. Afirka ta Kudu ta ci 2-1. Kamfanonin da ke sa ido kan caca suka ga kuɗi sun yi ta kwarara ta wata irin hanya a daidai lokacin wasan, FIFA ta dakatar da Lamptey har abada, kotun ƙararrakin wasanni ta CAS ta tabbatar. Aka sake wasan a Nuwamban 2017, Senegal ta ci 2-0 ta tafi Rasha. Ka lura da wani abu a nan: abin da kotu ta samu shi ne alƙalin ya yi ne don a ci adadin ƙwallayen da 'yan caca suka zuba wa kuɗi. Ba a samu Afirka ta Kudu da laifin komai ba.

Ka ga abubuwa uku ke nan da muke haɗawa mu kira da suna ɗaya: rashin gani, rashin bin doka, da cin amana. Na ukun shi ne ya fi yawo a bakinmu, amma shi ya fi ƙarancin hujja. Na farkon kuwa, wanda FIFA ta ce ba ta gyarawa, shi ne ke faruwa kusan kowane mako.

Ido ba kyamara ba ne

Ɗauki satar gida. Ana son mai ɗaga tuta ya ga lokacin da aka buga ƙwallo a can tsakiyar fili, kuma a daidai wannan ƙiftawar ya san inda ɗan gaba da ɗan baya suke, dukkansu suna gudu, wani lokaci ma suna saɓa wa juna. A 2000 Raôul Oudejans da abokan aikinsa a Holan suka sa ƙwararrun masu tuta uku su yi hukunci kan yanayi 200, aka samu kuskure 40. Bayanin da suka bayar shi ne matsayi: idan mai tuta ya ɗan gota layin ɗan baya na ƙarshe, ko da taku ɗaya ne, kusurwar da yake kallo za ta nuna masa abin da ba haka yake ba.

Akwai kuma wata dabi'a ta ƙwaƙwalwa. Saƙon ido yana ɗaukar ɗan lokaci kafin a sarrafa shi, saboda haka abu mai gudu mukan gan shi gaba kaɗan da inda yake a zahiri. Ɗan wasan da ya ruga da gudu sai ya bayyana kamar ya riga ya wuce. A tanis ma an kama wannan. David Whitney da abokansa sun duba hotunan gasar Wimbledon suka samu hukunci 83 na kuskure, 70 daga ciki an ce ƙwallo ta fita ne alhali tana ciki. Da kuskuren na ganganci ne ko na kasala, da ya rabu biyu kusan daidai. Da ya karkata gefe guda haka, ka san halittar ido ce.

Wannan ba ya nufin babu magani. Binciken da aka yi a jami'ar Leuven ta Beljiyam ya nuna a gasar kofin duniya ta 2002 kusan ɗaya cikin huɗu na hukuncin satar gida da aka duba kuskure ne. Bayan horo na musamman, a 2006 ya sauko zuwa ɗaya cikin goma. Horo yana ragewa, amma ba ya kawarwa.

Ihun 'yan kallo

Bayan ido sai kunne. A 2002 Alan Nevill da abokansa a Ingila suka tara alƙalai 40, suka nuna musu faifan karo 47 daga wasan Liverpool da Leicester. Wasu sun kalla da ihun magoya baya, wasu shiru. Waɗanda suka ji ihun sun hura wa masu gida laifi ƙasa da na sauran da kashi 15.5 cikin 100. Babu wanda ya ba su ko sisi, babu wanda zai jefe su da kwalba, faifai ne kawai a ɗaki. Idan mutum yana cikin shakka, yakan jingina da duk alamar da ke kusa, ihun mutum dubu kuwa alama ce mai ƙarfi.

Masana tattalin arziki uku, Garicano da Palacios-Huerta da Prendergast, sun bi ta wata hanya mai wayo a 2005. Sun duba mintunan da alƙali ke ƙarawa a ƙarshen wasa a gasar Sifaniya. Idan masu gida suna baya da ƙwallo ɗaya, mintunan kan kai kusan ninki biyu na waɗanda ake ƙarawa idan su ke gaba da ƙwallo ɗaya. Idan kuwa tazarar tana da yawa, ta yadda ƙarin ba zai canza komai ba, bambancin sai ya ɓace. A Jamus Thomas Dohmen ya ƙara gano cewa karkatar tana raguwa a filayen da ke da hanyar tsere tsakanin 'yan kallo da fili. Nisan 'yan mitoci kaɗan yana sauƙaƙa wa alƙali numfashi.

Irin waɗannan sakamako ne suka sa Tobias Moskowitz da Jon Wertheim suka kafa hujja a littafinsu Scorecasting na 2011 cewa karkatar alƙalai ita ce babban dalilin da ya sa masu gida ke yawan nasara. Hujja ce mai daɗin ji, kuma ta yaɗu sosai. Sai annobar korona ta zo ta yi gwajin da babu mai binciken da zai iya shiryawa: dubban wasanni babu ɗan kallo ko ɗaya. Alex Bryson da abokansa sun duba wasa 6,481 a ƙasashe 17, 1,498 daga ciki a rufe aka buga su. Katin gargaɗin da ake ba baƙi ya ragu sosai, wato dai ihun yana tasiri a kan alƙali kamar yadda aka ce. Amma sakamakon wasannin bai canza yadda littafin zai sa ka zata ba. A wasu gasanni fa'idar gida ta ragu, amma ba ta ɓace ba. Marubutan sun ga abu na gaskiya, sai dai sun ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Mai cewa "rafli ne" ma haka yake yi.

To sauran wasanni fa?

Alƙalan ƙwallon ƙafa ba su fi na sauran wasanni rauni ba. Wasanni sun bambanta ne ta hanya biyu: yawan abin da aka bar wa ra'ayin alƙali, da nauyin hukunci guda a kan sakamako.

A ɓangaren ra'ayi, damben boksin ne a gaba. A gasar Olamfik ta 1988 a Seoul, Roy Jones na Amurka ya kai naushi 86 da suka samu, Park Si-hun na Koriya ta Kudu ya kai 32, amma alƙalai uku cikin biyar suka ba ɗan gida. Nigel Balmer da abokansa sun bi tarihin damben kambun Turai, suka samu cewa idan 'yan dambe biyu ƙarfinsu ɗaya ne, ɗan gida kan yi nasara a kashi 57 cikin 100 idan an kai wani ƙasa bai tashi ba, amma idan maki aka ƙirga sai ya kai 74. Kwatanta da kokawar gargajiya, inda wanda ya faɗi ya faɗi, kowa a fage ya gani. Gwargwadon yadda nasara take a bayyane, gwargwadon yadda hannun alƙali ke gajarta. Har launin kaya ma yana shiga: a 2008 masu bincike a Jamus sun nuna wa alƙalan tekwando 42 faifai iri ɗaya, aka musanya launin kayan 'yan wasan da kwamfuta, sai mai ja ya samu maki fiye da kashi 13 cikin 100 a kan abin da ya samu yana sanye da shuɗi.

A ɓangaren nauyi kuwa, ƙwallon ƙafa ba ta da na biyu. Yi lissafin da kanka. A wasan ƙwallon kwando na NBA ƙungiyoyi biyu kan tara maki fiye da 200, hukuncin kuskure guda kuma bai wuce ya ba da maki biyu ko uku ba, wato kusan kashi 1 cikin 100 na abin da aka ci. A ƙwallon ƙafa, wasa guda yakan samar da ƙwallo biyu da rabi zuwa uku a matsakaici, fenariti kuma ana cin kusan uku cikin huɗu. Ke nan fenaritin kuskure guda ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da za a ci ranar. Jan kati a minti na 20 kuwa ya bar ƙungiya da mutum goma har minti 70, babu musanya.

Ƙarancin ƙwallaye shi ne ya sa wasan ke da daɗi, shi ne kuma ya sa yake da zafi. Masana fiziks uku, Ben-Naim da Vazquez da Redner, sun duba wasanni sama da 300,000, suka samu cewa a gasar Ingila ƙungiyar da ke ƙasa tana doke wadda ke sama a kusan kashi 45 cikin 100, a ƙwallon kwando kuwa kusan 36. A wasan da sa'a ke da irin wannan rabo, duk abin da ya taɓa ƙwallo ɗaya ya taɓa sakamako, ko turken raga ne, ko santsin ciyawa, ko usur.

"Kowa zai samu rabonsa"

Yanzu mu dawo ga magana ta biyu. A ilimin ƙididdiga akwai ƙa'idar da ke cewa idan ka yi ta maimaita abu mai sa'a sau da yawa, sama da ƙasa kan kusa cinye juna. Wurga kwabo sau 1,000, za ka samu kusan rabi da rabi. Wurga shi sau shida, kana iya samun biyar da ɗaya, ba wanda zai yi mamaki. Gasar Firimiya wasa 38 ce, ana sakewa kowace shekara, don haka mai cewa kuskure yana wanke kuskure yana da ɗan abin riƙewa a can.

A neman gurbin kofin duniya fa? A zagayen 2022 ƙasashen Afirka sun buga wasa shida ne a rukuni, ta ɗaya kawai ke wucewa, sannan wasa biyu na gida da waje, wanda ya faɗi sai bayan shekara huɗu. Dubi rukunin Ghana da Afirka ta Kudu. Ranar 14 ga Nuwamba, 2021, a Cape Coast, canjaras kawai Afirka ta Kudu ke nema. Aka ba Ghana fenaritin da ya jawo gardama mai zafi, André Ayew ya ci, aka tashi 1-0. Ƙasashen biyu suka ƙare da maki 13 kowacce, tazarar ƙwallayensu ɗaya, Ghana ta wuce don ta ci 7, ita kuma 6. Babu VAR a wasan. Afirka ta Kudu ta kai ƙara, FIFA ta yi watsi da ita. Ko fenaritin daidai ne ko ba daidai ba, babu wasa na bakwai da zai rama wa kowa, kuma ɗan wasan da ke da shekara 30 a ranar mai yiwuwa damarsa ta ƙarshe ke nan.

Sannan ƙwaƙwalwarmu ba adali ba ce wajen ajiya. Ɗan Najeriya ba zai manta da bugun Victor Ikpeba a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2000 a Legas ba, wanda ya bugi ƙarfe ya faɗa bayan layi aka ce bai shiga ba. Amma mutum nawa ke tuna Addis Ababa a Oktoban 2013, lokacin da Habashawa suka yi ta ƙorafin cewa ƙwallon Saladin Said ta haye layi kafin Godfrey Oboabona ya fitar da ita, Najeriya ta ci 2-1 ta kama hanyar Brazil? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ke aiki, da wanda ya ƙi biya

Abin takaicin shi ne an san magunguna. A wasan kurket an daɗe ana zargin alƙalan gida da son kai. Hukumar wasan ta kawo baƙon alƙali ɗaya a 1994, ta mayar da su biyu a 2002, binciken wasa 1,000 kuma ya nuna karkatar ta ɓace. A NBA, Joseph Price da Justin Wolfers sun nuna alƙalai kan ɗan fi hura wa ɗan wasan da launin fatarsa ya bambanta da nasu. Jaridu suka yayata a 2007, da aka sake aunawa a shekarun da suka biyo baya ba a ga bambancin ba. Fitar da alƙaluma a bainar jama'a kaɗai ya yi aiki.

Ƙwallon ƙafa ta daɗe da amfani da baƙin alƙalai a wasannin ƙasa da ƙasa, saura ido na biyu. An shigar da VAR cikin dokoki a 2018. Jochim Spitz da abokansa sun duba wasa 2,195 a ƙasashe 13, suka samu daidaiton manyan hukunce-hukunce ya tashi daga kashi 92.1 zuwa 98.3 cikin 100. Kada ka ɗauki wannan a matsayin ƙarshen gardama. Rage wa hoto gudu yana sa ƙeta ta yi kama da ta ganganci, an kuma nuna alƙalai kan fi tsananta hukunci idan a haka suka kalla. A Blida ma, a Maris 2022, akwai VAR, amma Aljeriya ta nemi a sake wasan da Kamaru ta fitar da ita a minti na 124, aka ƙi. Na'ura ba ta raba gardamar fassara. Abin da take kamawa shi ne irin hannun Henry da gwiwar Koulibaly, waɗanda su ne ba su da uzuri.

A nan sukarmu take. FIFA ta tara sama da dala biliyan 7 a zangon 2019 zuwa 2022. A gasar Qatar ta zuba na'urar layin raga da VAR da ƙwallo mai na'ura a cikinta. Amma wasannin da ke tantance wanda zai je Qatar ɗin daga Afirka, an buga zagayen rukuninsu da ido tsirara, yayin da Turai ta fara amfani da VAR a nata tun Satumban 2021. An gina ƙofar ƙarfe a ɗaki, an bar zaure da asabari. Uzurin da ake kawowa shi ne tsada da ƙarancin kyamarori, kuma ba ƙarya ba ne. Amma FIFA da kanta ta gwada wani tsari mai rahusa a gasar mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024, inda koci ke da damar neman a sake duba hukunci sau biyu a wasa, da kyamarori kaɗan. Wasan da hukunci guda ya fi nauyi a cikinsa shi ya fi cancantar a fara kai masa irin wannan, a kuma riƙa wallafa rahoton aikin alƙalai kowa ya gani.

Kai kuma mai kallo, ga ma'auni mai sauƙi. Idan an fitar da ƙasarka, tambayi kanka abu uku. Alƙalin yana inda zai iya gani? Da a kan abokan hamayya aka yi hukuncin, za ka kira shi kuskure? Kuma me ƙungiyarka ta yi da sauran mintunan? A Maris 2022 Najeriya ta buga minti 180 da Ghana, akwai VAR a Kumasi da Abuja, ƙwallo ɗaya tak ta ci, ita ma fenariti ce da VAR ɗin ta ba ta. Ranar ba a rasa abin zargi ba, amma usur ba ya ciki.